Tankar Zorawar ta Indiya: Jiki na Gida, Inji da Igwa na Waje

Daga Wakilinmu

A ranar 6 ga watan Yuli na shekarar 2024 ne aka fito da wata sabuwar tankar yaƙi a gaban 'yan jarida a garin Hazira da ke cikin Jihar Gujarat, a yammacin ƙasar Indiya. An raɗa mata suna Zorawar. Nauyinta tan 25 ne, soja uku ke shigarta, faɗin bakin igwarta kuma milimita 105. Jaridun ƙasar sun yi ta shelar cewa ga tankar da 'yan ƙasa suka ƙera da hannunsu cikin abin da bai wuce shekara biyu da 'yan watanni ba. Shi kuwa shugaban Hukumar Bincike da Ƙere-ƙeren Kayan Tsaro ta ƙasar, wadda ake kira DRDO a taƙaice, watau Dokta Samir Kamat, cewa ya yi ana sa ran miƙa ta ga rundunar sojojin ƙasa a cikin shekarar 2027.

To, amma wanda ya leƙa cikin tankar zai tarar da wani labari dabam. Injin da ke jan ta na kamfanin Cummins ne na ƙasar Amurka, mai ƙarfin dawaki kimanin 750. Ɗakin igwa mai juyawa da ke bisa kanta, tare da igwar da na'urar da ke ɗura mata harsashi, aikin kamfanin John Cockerill ne na ƙasar Beljiyam. Giyabos ɗinta, watau abin da ke kai ƙarfin inji ga sarƙoƙin da take tafiya a kansu, shi ma daga waje aka kawo shi. Abin da Indiyawa suka yi shi ne tsara fasalinta, da ƙera gangar jikinta, da kuma aikin sada waɗannan sassa na ƙasashe dabam dabam har su yi aiki tare. Cibiyar DRDO da ke Avadi kusa da birnin Chennai ita ce ta yi tsarin tare da kamfanin Larsen & Toubro, wanda a masana'antarsa ta Hazira aka haɗa ta.

Wannan ne ya sa wasu ke tambaya ko ya dace a kira ta ƙirar gida, ko kuwa dai haɗi ce kurum irin na masana'antun motoci da ake kawo musu kaya a cikin akwatuna su ɗaura. Tambayar tana da tushe, amma ba za a iya amsa ta ba sai an san halin da Indiya ta sami kanta a ciki lokacin da ta yanke shawarar yin tankar.

DALILIN GAGGAWA

A daren 15 ga watan Yuni na shekarar 2020 sojojin Indiya da na ƙasar Sin sun yi arangama a kwarin Galwan da ke yankin Ladakh, cikin duwatsun Himalaya. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, domin akwai yarjejeniyar shekarar 1996 wadda ta hana amfani da bindiga kusa da layin da ya raba su. Da kulake da duwatsu aka yi faɗan. Duk da haka sojan Indiya 20 suka mutu, ƙasar Sin kuma daga baya ta amsa cewa ta rasa huɗu. Rabon da a kashe soja a wannan iyaka tun shekarar 1975. Cikin 'yan makonni kowane ɓangare ya jibge dubban mayaƙa da manyan makamai a wuraren da tsayinsu ya haura mita 4,000.

A nan ne Indiya ta ga gejinta. Tankokin da take da su, T-72 da T-90, ƙirar Rasha ne, kowace ta haura tan 40, kuma an tanade su ne domin filayen Punjab da hamadar Rajasthan inda ake fuskantar Pakistan. An kai wasu Ladakh, har da ta jirgin sama, sun kuma yi amfani a shimfiɗaɗɗun wurare na yankin. Amma dutse ba fili ba ne. A tsayin mita 4,200 iskar da ake shaƙa ba ta wuce kashi 60 cikin 100 na wadda ake samu a bakin teku ba, inji kuwa da iska yake ƙona mai, saboda haka ƙarfinsa yakan ragu ainun. Da hunturu sanyi kan sa man dizal ya yi kauri, batir ya mutu, tilas a riƙa tayar da inji a kai a kai cikin dare don kada ya sandare. Ga hanyoyi ƙunci da kwana-kwana, ga gadoji marasa ƙarfin ɗaukar nauyi. Alhali kuwa ƙasar Sin ta riga ta tanadi tanka mara nauyi domin irin wannan wuri, wadda ake kira Type 15, mai nauyin tan 33 zuwa 36, har ta nuna ta a faretin birnin Beijing na watan Oktoba 2019.

Abin mamaki shi ne Indiya ta daɗe da sanin amfanin ƙaramar tanka a kan dutse. A watan Nuwamba na 1948, lokacin yaƙinta na farko da Pakistan a kan Kashmir, ta hau da tankokin Stuart ƙirar Amurka mashigar Zoji La, mai tsayin kimanin mita 3,500, ta ba abokan gaba mamaki ta buɗe hanyar Ladakh. A 1962 da yaƙi ya ɓarke da ƙasar Sin, ta ɗauki tankoki shida samfurin AMX-13 ƙirar Faransa a jirgin sama zuwa Chushul. A 1971 kuma tankokin PT-76 na Tarayyar Soviet, masu iyo a ruwa, sun yi mata aiki a fadamun Gabashin Pakistan, inda yau ake kira Bangaladesh. Da waɗannan suka tsufa aka ajiye su, ba a maye gurbinsu ba, domin hankalin manyan hafsoshi ya koma kan manyan tankoki da iyakar yamma. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A 2020 Indiya ta wayi gari tafiya ta kama, gora kuwa ko shuka ta ba a yi ba.

Hanyoyi uku ne a gabanta. Ta farko ita ce ta sayo tanka gamammiya daga waje, an kuma yi ta maganar wata ƙirar Rasha mai suna Sprut, mai nauyin tan 18. Wannan ita ce hanya mafi sauri, amma za ta ƙara ɗaure Indiya ga Rasha, yaƙin Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairu 2022 kuwa ya nuna cewa masana'antun Rasha bukatar sojojinsu za su fara biya kafin ta kowa. Hanya ta biyu ita ce a ƙera komai a gida, tun daga inji har igwa. Ita ma an riga an ɗanɗana ta. An soma aikin babbar tankar Arjun a 1974, ba ta shiga hannun soja ba sai a 2004, watau shekara 30 cur, ta fito da nauyin da ya kusa tan 60, rundunar soja ta karɓi 124 kawai ba da son ranta ba. Bayan duk wannan jira, injin da ke cikinta na kamfanin MTU ne na Jamus. Saura hanya ta uku, a tsara a gida, a sayo abin da ba a iya ba tukuna, a haɗa. A watan Afrilu 2021 rundunar soja ta nemi bayani daga kamfanoni game da tankar da ba za ta wuce tan 25 ba, a watan Disamba 2022 kuma majalisar da ke kula da sayen makamai ta Ma'aikatar Tsaro ta amince da bukatar. Jimlar da ake magana ita ce tankoki 354, daga ciki aka keɓe wa Zorawar 59 na farko, sauran 295 kuma aka ce za a bar kamfanonin ƙasar su yi takara a kansu.

A ganinmu wannan zaɓi daidai ne, kuma babu abin kunya a cikinsa. Ƙasar da ke da soja a kan dutse suna kallon tankokin abokin gaba ba ta da shekara 30 ta jira. Haka kuma masu raina aikin haɗi sun manta cewa sada igwar Beljiyam da jikin da bai wuce tan 25 ba, a tabbatar jikin zai jure girgizar harbi, injin kuma ba zai shaƙe a bisa dutse ba, ilmi ne mai zaman kansa wanda ba a samunsa a cikin akwati. An gwada harbinta a hamadar Rajasthan a watan Satumba 2024, a watan Disamba na wannan shekara kuma aka sake gwadawa a Ladakh a tsayin da ya haura mita 4,200. Masana'antar Hazira ma ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki, domin a can aka haɗa manyan igwogi masu tafiya da kansu guda 100 samfurin K9 Vajra tare da kamfanin Hanwha na Koriya ta Kudu, aka kammala miƙa su a farkon 2021.

WANDA YA RIƘE INJI

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen inji, kuma tarihin Zorawar kanta ya isa shaida. Da farko ba injin Amurka aka tsara mata ba, na kamfanin MTU ne na Jamus mai ƙarfin dawaki 800. Dokar Jamus kuwa ta ce ba a fitar da irin wannan kaya sai da iznin gwamnati. Iznin ya yi ta jinkiri, aikin tankar ya tsaya yana jira, har a 2023 injiniyoyin Indiya suka haƙura suka juya ga Cummins. Sauya inji a tanka ba kamar sauya taya a mota ba ne; sai an sake duba girman ɗakinsa, da hanyar sanyaya shi, da giyabos, da yadda nauyi zai zauna. Watau tun tankar ba ta taka ƙasa ba, wani ofishi a wata ƙasa mai nisan dubban kilomita ya riga ya sa hannu a kan lokacin fitowarta da fasalinta, ba kuwa a lokacin yaƙi ba, ba kuma don wata gaba tsakanin Jamus da Indiya ba. Mai karatu sai ya auna abin da zai faru in da ana cikin yaƙi ne, ƙasar da ke da injin kuma ba ta goyon bayan yaƙin.

Ba yau Indiya ta fara shan wannan ba. Jirgin yaƙinta na farko na gida, Marut, wanda wani injiniya Bajamushe mai suna Kurt Tank ya jagoranci tsara shi, ya fara tashi a 1961. An tsara shi ne don ya wuce gudun sauti nesa ba kusa ba, amma har aka ajiye shi bai sami injin da ya dace da shi ba, da ƙaramin injin Ingila ya yi ta fama. A yaƙin 1965 Amurka da Ingila sun dakatar da sayar wa Indiya da Pakistan makamai baki ɗaya. A 1998, bayan Indiya ta gwada bam ɗin nukiliya a Pokhran, takunkumin Amurka ya kawo cikas ga aikin jirgin Tejas. Injin Kaveri da aka yi niyyar sa wa jirgin bai kai ƙarfin da ake nema ba, saboda haka aka dogara ga injin kamfanin General Electric na Amurka. An yi odar guda 99 a 2021, na farkonsu bai iso ba sai a watan Maris 2025, jiragen da aka gama haɗa jikinsu suna jira a masana'anta.

Ƙasar Turkiyya ma ta sha irin wannan. Tankarta Altay an tsara ta ne da inji da giyabos na Jamus, da Jamus ta ƙi sayarwa saboda yaƙin da Turkiyya ke yi a arewacin Siriya sai aikin ya tsaya shekara da shekaru, aka koma neman inji a Koriya ta Kudu, tankokin farko ba su shiga hannun soja ba sai a 2025.

Me ya sa inji ke gagarar ƙasashen da suka iya ƙera abubuwa masu wuya? Indiya fa ta sauke na'ura a kan wata a watan Agusta 2023. Dalili shi ne injin tanka ana so ya ba da ƙarfin manyan motoci uku ko huɗu alhali yana zaune a ɗan ƙaramin wuri, ya jure zafin hamada da sanyin dutse da ƙura, ya yi ɗaruruwan sa'o'i bai lalace ba. Wannan ya rataya ne a kan ingancin ƙarfe, da iya zubi, da famfon mai da ke aiki daidai wa daida, da na'urar cusa iska, abubuwan da kamfanoni irin su MTU da Cummins suka shafe shekaru masu yawa suna gyarawa, suna kuma mayar da kuɗinsu ta hanyar sayar da injuna ga jiragen ruwa da jiragen ƙasa da motocin haƙar ma'adinai. Wanda zai ƙera inji 354 kacal ba shi da wannan kasuwa, kowane inji zai fito masa da tsada mai yawa, shi ya sa a kowace shekara Ma'aikatar Kuɗi za ta ga saye ya fi araha. Kowace shekara lissafin nan gaskiya ne. Sai an tara shekarun ne za a ga an kai shekara 50 ana saye.

Ana iya cewa Indiya ta rage haɗarin ta hanyar rarraba ƙafa, kuma akwai gaskiya a ciki. Alƙaluman cibiyar SIPRI ta birnin Stockholm, mai bin diddigin cinikin makamai, sun nuna cewa tsakanin 2009 da 2013 kashi 76 cikin 100 na makaman da Indiya ta shigo da su daga Rasha suka fito, amma tsakanin 2019 da 2023 abin ya sauko zuwa kashi 36. Sai dai a tsakanin 2019 da 2023 ɗin ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya sayen makamai daga waje. Bugu da ƙari, tankar da ke da sassa daga ƙasashe uku tana da ƙofofi uku da za a iya rufe mata, ko wace ɗaya aka rufe kuwa ta isa ta tsayar da ita. Abota tsakanin ƙasashe ma ba ta da tabbas: a watan Agusta 2025 gwamnatin Amurka ta ɗaga harajin da take ɗora wa kayan Indiya zuwa kashi 50 cikin 100, rabinsa a matsayin horo saboda sayen man fetur na Rasha. Harajin bai shafi injin tanka ba, amma ya nuna yadda iska ke saurin juyawa. (Ko manyan jiragen C-17 da za su ɗauki tankar zuwa Ladakh, su ma ƙirar Amurka ne.)

Sunan tankar kansa yana da abin lura. Zorawar Singh jarumin sarkin yaƙi ne na Sarki Gulab Singh na Jammu, shi ya ci Ladakh da yaƙi daga 1834. A 1841 ya kutsa yammacin Tibet, hunturu ya rufe hanyoyin bayansa, guzuri da agaji suka yanke, aka kashe shi a fagen fama a watan Disamba na wannan shekara. Waɗanda suka zaɓi sunan jarumtakarsa suka duba, amma ma'aikatan da ke kula da kayan gyara za su fi amfana da karanta ƙarshen labarin.

DARASIN AJANTINA

Akwai wani haɗari na biyu wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne aikin ya tsaya a 'yan ƙwayoyi. A 2005 ƙasar Ajantina ta nuna wata tanka mara nauyi mai suna Patagon, wadda aka yi ta hanyar ɗora ɗakin igwar tsofaffin tankokin AMX-13 na Faransa a kan gangar jikin SK-105 ta ƙasar Ostiriya. An yi niyyar haɗa kimanin 40 a garin Comodoro Rivadavia. Ba a yi ko biyar cikakku ba bayan ta gwaji aka soke aikin a 2008, domin an ga kuɗin bai dace da amfanin ba. Ba a bar wa ƙasar masana'anta ba, ba a bar mata ilmin da za ta ɗora wani abu a kai ba.

Aikin haɗi yana zama tsani ne kawai in yawan abin da za a yi ya kai yadda mai sayarwa zai yarda ya kawo masana'antarsa, kamfanonin gida kuma su ga riba a koyon yin sassan ɗaya bayan ɗaya. Tankoki 59 ba su isa haka ba, 354 kuwa suna iya isa. An ga alamar farko a 2025, lokacin da John Cockerill ya ba da sanarwar haɗa hannu da wani kamfanin Indiya don a riƙa yin ɗakin igwar a cikin ƙasar. To, amma yin abu bisa lasisi ba ɗaya yake da mallakar iliminsa ba. Tun 1965 masana'antar Avadi take fitar da tankoki bisa lasisi, ta fara da Vijayanta ta kamfanin Vickers na Ingila, ta yi fiye da 2,000, ta koma T-72, ta koma T-90, amma da bukatar 2020 ta taso ba a sami inji ko igwa na gida da za a ɗora wa ƙaramar tanka ba. Abin da ya kamata a duba a cikin irin wannan yarjejeniya shi ne ko Indiyawa za su sami ikon sauya fasalin abin, su gyara shi, su sayar wa wata ƙasa ba tare da neman izni ba.

Akwai kuma masu shakkar tankar kanta. Sulken da za a iya ɗora wa abin da bai wuce tan 25 ba ba zai tare harsashin wata tanka ba, Type 15 ta Sin kuwa ta fi ta nauyi da tan takwas ko fiye. Yaƙin Yukiren ya nuna yadda ɗan ƙaramin jirgi mara matuƙi, wanda kuɗinsa bai kai na babur mai kyau ba, ke ƙone tankar miliyoyin daloli. Amsar masu goyon bayanta ita ce tankar da ta iso bakin daga ta fi wadda ta maƙale a gindin gada, kuma a kan dutse inda soja ke tafiya a ƙasa da ƙyar saboda ƙarancin iska, igwa mai milimita 105 da ke bin sa a baya ba ƙaramin abu ba ce. Wannan amsa tana da ƙarfi, muddin an ƙara mata na'urorin kare kai daga jiragen nan, waɗanda su ma nauyi ne.

Siyasa ma ta sauya tun bayan Galwan. A watan Oktoba 2024 Indiya da Sin sun daidaita a kan yadda za su riƙa sintiri a Depsang da Demchok, Firayim Minista Narendra Modi ya gana da Shugaba Xi Jinping a birnin Kazan na Rasha, a watan Agusta 2025 kuma ya ziyarci ƙasar Sin. Sassaucin abin farin ciki ne, amma a irin wannan lokaci ne ayyukan da aka fara cikin gaggawa kan rasa masu kare su a wajen rabon kasafin kuɗi, kamar yadda ya faru bayan an ajiye PT-76.

Game da inji, akwai yunƙuri. A watan Maris 2024 an tayar da wani inji ƙirar gida mai ƙarfin dawaki 1,500 a karo na farko a masana'antar kamfanin BEML da ke Mysuru. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in ji masu iya magana, sai dai wannan gatari an yi shi ne domin manyan tankoki na gaba, ya fi ƙarfin jikin Zorawar. Tsakanin tayar da inji a kan teburin gwaji da ɗora shi a tankar da soja zai dogara da ita a Ladakh akwai gwaje-gwaje na shekaru. Saboda haka tankoki 59 na farko da injin waje aka tsara su, kuma a cikin sharuɗɗan kwangilar sauran 295 ne Ma'aikatar Tsaro take da damar ta rubuta wane inji take so, da inda za a zuba ƙarfensa.